Dagal ɗin da ya bushe a Ka'akiyya

Mijina mai gyaran mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, a garin da ba kogi ba tafki, amma zuciyarsa tana teku. Iyayensa ta Sudan suka biyo, suka daɗe a bakin Bahar Maliya kafin su tsallako, shi ya sa ya tashi da sanin ruwa. Ni kuwa haihuwar unguwar Jarwal ce a nan Makka, ruwan da na sani bai wuce na famfo da Zamzam ba. Yana da wani ɗan jirgin katako a bakin teku, yamma da Makka, inda masunta ke ajiye nasu. Kowa ya koma inji, shi kaɗai ya nace wa zane da iska. Duk ranar hutu sai ya sa tsohuwar riga ya tafi, ya dawo yana ƙarni, da kifin da bai isa miyar mutum biyu ba, yana washe baki kamar an yi masa albishir.

Ya sha cewa in zo in hau. Amsata ba ta canzawa: "Malam, ni ba kifi ba ce. Allah bai halicce ni da ƙaya ba."

Wata rana ya dawo tun kafin la'asar, ba kifi, goshinsa a kumbure. Iska ce ta juyo masa ba zato, ta karya dagal. Dagal shi ne dogon itacen nan da ke tsaye a tsakiyar jirgi, wanda ake ɗaura wa zanen da iska ke turawa. Ya ce daga gindi ya tsage, ba ya ɗauruwa. Ina gasa masa goshi da ruwan zafi ina dariya, na ce, "To, ruwa ya ƙare wa ɗan kada." Har ga Allah na ɗauka mun rabu da jirgin ke nan.

Ashe hali zanen dutse ne. Abokansa sun ce ya sa bututun ƙarfe ya huta, ya ce shi ba tanti zai kafa ba. Ya tafi Jidda wurin masu katako, ya zaɓo wani dogon gungume da bai gama bushewa ba, aka ɗauko shi a bayan wanet, wato a-kori-kura, rabinsa na leƙe a waje da jan ƙyalle a baki. Matakalar gidan da muke haya a unguwar Ka'akiyya ba ta ɗaukarsa, sai da igiya suka jawo shi ta bango har saman bene, shi da maƙwabta, mai gidan yana ƙasa yana ta ihu kada a fasa masa taga. Aka kwantar da shi kan tubala, daidai inda nake shanya.

Daga nan kullum in ya taso aiki sai sama. Da fari ya fafe shi ya yi masa fuska huɗu, sannan ya bi kusurwoyin ya zama takwas, ya sake bi, yana ta ragewa har itacen ya mulmule, gindi da kauri, kai siriri. Ni dai abin da na sani, duk zanen da na shanya sai na kakkaɓe shi da ɓarɓashin katako. Da ya gama sassaƙa kuma sai ya shigo da wani man kifi a galan, mai warin da ke sa kuliyoyin unguwa taro. Maƙwabciyarmu ta sama ta daina gaishe ni na ɗan lokaci, ban ga laifinta ba.

Shi ya bayyana mini sauran aikin, ko da yake ban tambaye shi ba. Ɗanyen itace in aka bar shi kwance a gefe guda lanƙwashewa yake yi. Zafin Makka kuma ba irin na bakin teku ba ne, babu laima ko kaɗan, in itace ya bushe da gaggawa sai ya dare. Don haka ya yi masa rumfa, ya lulluɓe shi da buhuna. Kullum bayan la'asar zai hau ya ɗan mirgina shi kaɗan, ran Juma'a kuma ya shafe shi da mai. Na ce har yaushe? Ya ce sai itacen ya faɗa da kansa, in an ƙwanƙwasa za a ji.

Bai kai ga jin ba. Yana kan tsani a wani gida a unguwar Mansur, yana kwance mukayyif, hannunsa ya saki. Daga mustashfa, wato asibiti, aka kira ni. Suka ce jalɗa ce, jini ya toshe a kai. Gefensa na dama ya mutu, baki ya karkace, magana ta zama sai an kasa kunne. Kwanaki ina zaune a gefensa ina jiran kalma ɗaya da zan gane. Da ta zo, ba sunana ba ne, ba na ɗanmu ba. Cewa ya yi, "Kin juya?"

Na ji kamar in shaƙe shi. Na ce, "Malam, kana nan kwance rai a hannun Allah, icce kake tambaya?" Ya zuba mini ido kawai, hawaye na bin gefen da ya mutu. Ran nan da na koma gida ban cire abaya ba na haye sama. Na sa hannu biyu na tura, na ji nauyinsa har cikin ƙuguna. Na mirgina shi ina zaginsa.

Da aka sallamo shi sai aikina ya zama biyu. A ƙasa in juya Malam don kada kwanciya ta ci masa baya, in shafa masa man zaitun. A sama in juya itace, ran Juma'a in shafa masa nasa man. Har na iya gane inda na tsaya jiya, domin na sa masa alama da gawayi. In na sauko zai kama hannuna da na hagunsa ya kai hanci, in ya ji ƙarni sai ya lumshe ido.

Sai ya fara ƙin abinci. Mutumin da ke hawa bene da mukayyif a kafaɗa, yau sai an goge masa baki, abin ya fi ƙarfin zuciyarsa. Na yi lallashi, na yi faɗa, na kira limamin masallacinmu ya yi masa nasiha, duk a banza. Wata safiya ina riƙe da kofin kunu, ya kawar da kai, sai na ji bakina ya ce, "Sha ka warke. Wallahi ranar da dagal ya tsaya a jirgin nan, zan hau."

Ya juyo a hankali. "Ke? 'Yar Jarwal?"

"Ni ɗin. Na rantse, ai ka ji."

Ya yi dariya da rabin baki, ya shanye kunun tas. Daga ranar ya koma cin abinci, har ya fara motsa yatsun ƙafa. Na sa rai, ba zan ɓoye ba. Na har fara tunanin wace abaya zan sa wadda gishiri ba zai ɓata ba.

Jalɗa ta biyu ba ta yi masa sallama ba. Aka yi masa salla a Harami, masu ta'aziyya suna ta cewa ya dace, mutane nawa ke roƙon irin wannan makwanci. Gaskiya suka faɗa, na kuma amsa da amin. Amma a raina cewa nake, da an ƙara masa ko da rani ɗaya.

Na shiga takaba. Mai takaba ba ta fita, amma saman bene ai cikin gida ne. Kullum bayan la'asar sai in hau. Yayata da ta zo taya ni zama ta bi ni wata rana, ta tarar da ni durƙushe ina shafa wa itace mai. Ta riƙe haɓa ta ce, "Ke, lafiyarki kuwa? Mai abin ya tafi, wa kike yi wa?" Na dai san in na bari ya lanƙwashe, to na bar aikinsa ya mutu a hannuna, kuma rantsuwata tana wuyana. Wata Juma'a na ƙwanƙwasa shi da bayan cokali, sai ya amsa da wata ƙara siririya, ba irin ta da ba. Na zauna a wurin na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Da na fita takaba ɗanmu ya zo daga Riyad, inda yake aiki. Hausarsa sai a hankali, rabi Larabci. Ya ce, "Ya ummi, halas, ya isa haka, mu ba masu gini itacen nan su yi amfani da shi." Na ce ya nemo wanet da igiya, teku za mu.

Wannan ne zuwana na farko. Muka sami aminin Malam, wani dattijo masunci da suka daɗe tare. Ya yi mini gaisuwa, ya sa aka sauke dagal a kan yashi. Ya tsuguna a gindinsa ya runtse ido ɗaya ya hango kan, ya mirgina shi ya sake hangowa, ya bi shi da tafin hannu. Ya ce, "Masha Allah. Ba lanƙwasa, ba tsaga. Wa ya kula da shi?" Na ce ni ce. Sai ya miƙe yana kakkaɓe yashi. Can ya ce, "Ya binti, 'yata, zo ki gani."

Jirgin yana can nesa da ruwa, ya kwanta a gefe guda. Allunansa sun buɗe, ana hango rana ta tsakaninsu. Yashi ya cika cikinsa. Dattijon ya ce jirgin katako in an fitar da shi daga ruwa shayar da shi ake yi, in ba haka ba ya bushe ya wargaje. Tun da dagal ya karye aka jawo jirgin tudu, Malam ke zuwa duk mako yana kwarara masa ruwan teku da bokiti yana rufe shi. Ni ina gida ina cewa hira ce ke kai shi. Da Malam ya kwanta, shi ma dattijon aikin ido aka yi masa, ya tare wurin 'yarsa a Jidda. Ba wanda ya sake zuba wa jirgin ko kofi ɗaya. Rashin sani ya fi dare duhu. Ina can ina busar da itace guda a hankali, jirgin duka yana nan yana bushewa da gaggawa.

Na ce, "Baba, ba ya gyaruwa?"

Ya zura hannu ya ja wani allo, allon ya biyo shi ba gardama. "Ƙashin bayansa ya dare, binti. Ba inda dagal zai tsaya."

Na ce ya riƙe dagal ɗin, ko wani zai buƙata. Sannan na tattare abayata, na dafa gefen jirgin, na ɗaga ƙafa na shiga. Katakon ya yi ƙara a ƙarƙashina. Na sami ɗan bencin baya, inda na ga ya fi sulɓi don zama, na zauna, ƙafafuna cikin yashi mai zafi, teku na can gabana.

Ɗana ya matso a ruɗe. "Ummi, esh haza? Me kike yi? Zai karye da ke."

Na ce, "Ka bar ni tukuna. Na gaya wa babanka zan hau."