Jar Motar da Ke Bangon Falona

A bangon falon maza na gidana da ke unguwar Rusaifa, a nan ƙasa mai tsarki, akwai hoton babana, Allah ya jiƙansa, tsaye a jikin wata mota 'yar Italiya mai buɗaɗɗen kai. Ya sa babbar riga da hula, ya ɗora hannu a kan ƙofar, ya tsuke fuska. Hoton ya koɗe, jan motar ya koma kamar zoɓon da aka cika wa ruwa. Kusan shekara talatin, duk baƙon da ya sha shayi a ɗakin nan sai ya haɗa da labarin motar. "Ta babanmu ce," nake cewa, sai in ɗan yi shiru don maganar ta zauna.

Babu wanda ya taɓa ce min tasa ce, ni ma ban tambaya ba. Babana samkari ne, wato mai bugun jikin mota, a wata 'yar warsha, garejin gyara, a unguwar Utaibiyya, kuma ya rasu ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Abin da na riƙe nasa shi ne baƙin farce, da kunnen da ƙarar guduma ta kashe har sai an ɗaga murya yake ji. Kunyar sana'ar nan nake ji, gaskiya ke nan. A makaranta in an tambayi aikin uba sai in ce "harkar motoci". Da na girma na ƙara wa harkar gishiri: ai ya taɓa yin arziki, ga shaida a bango, daga baya ne duniya ta juya masa baya. Na yi ta faɗa har ni ma na yarda.

Ni kuwa malamin ofis ne a tashar bas ta Kudai. Ban taɓa canza taya da hannuna ba, amma a baki babu motar da ban sani ba. Ni ne mai yi wa mutane bayanin cewa a Italiya ta da, kamfani yakan ƙera inji da ƙashin mota ne kawai, sai a kai wa wata maƙera dabam ta buga mata jiki da guduma a kan gwadon katako, wato sassaƙe mai siffar motar. Kowace maƙera da hannunta, kamar yadda ake gane ɗinkin tela.

Wannan bayanin ne ya ja min. Mijin ƙanwata direban tasi ne, ba shi da yawan magana, amma in ya buɗe baki sai ka gwammace bai buɗe ba. Wata Juma'a bayan cin abinci, ɗaki cike, na kai daidai wurin yin shirun nan nawa, sai ya ajiye kofi.

"Tayyib, Yaya, mun ji. To wa ya ƙera ta?"

Na faɗi sunan kamfanin.

"La, waɗannan ai masu makina ne, inji kawai. Jikin fa? Kai ka koya mana."

Aka yi dariya, irin wadda ake rufewa da tari. Raina ya ɓaci sosai, na rantse a gaban kowa cewa kafin wata ya mutu zan kawo masa sunan maƙerar. A zuciyata ba sunan nake karewa ba. Gani nake in na kasa, motar za ta zame daga hannun babana, ya koma samkarin da nake ɓoyewa.

Maƙeran Italiya sukan manna ɗan tambarinsu a bayan tayar gaba. A hotonmu, daidai wurin ne babana ya baza hannun rigarsa. Na sayo gilashin ƙara girma, na ɗauki hoton da waya ina ta ja da yatsu biyu har fuskarsa ta zama dusa. Na buga hotunan motocin Torino da na Milano na shimfiɗa a darduma, ina gwada mariƙin ƙofa da mariƙin ƙofa, layin gefe da layin gefe. Ran Asabar na tabbata Milano ce, ran Litinin na koma Torino. Matata ta tsallaka takardun da farantin shayi ta ce, "Da haka ka duba littattafan yaran nan da tuni mun samu likita."

Ƙarshe na shiga wani zauren masu son tsofaffin motoci a intanet, waya na yi min tafinta. Wani dattijo ɗan Italiya, wanda ya ce ya tsufa a wannan sana'ar, ya amsa min. Ya ce hoto ɗaya ba zai isa ba, yana son ganin fitilun baya da ɗaya gefen.

Sai na tuna da wani tsohon tela, aminin babana, da har yanzu yake Utaibiyya. Rabona da gaishe shi har na manta. Na hau matakalan unguwar ina haki, na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi Umma da yara ɗaya bayan ɗaya, sannan na miƙa masa wayar.

"Jar nan? Ai ni ma ina da ita," ya ce.

Ya jawo gwangwanin alewa daga ƙarƙashin keken ɗinki. Ga shi nan yana saurayi, ya jingina da bayan motar, ga fitilun baya tar. Na ce abin nema ya samu. Ban tsaya tambayar me ya kai shi jikin motar babana ba, sai rawar jiki nake ina ɗauka da waya. Ya tura ni gidan wata hajiya da mijinta ya rasu, ita ma ta ciro nata, ta tura ni gaba. Cikin mako biyu na tara hotuna bakwai, maza bakwai, mota ɗaya. Ina shiga gida ina murna wai na samu kowace kusurwa.

Na jera su a darduma ina ƙirga ƙusoshin bamba. Matata ta leƙo ta kafaɗata, ko minti ɗaya ba ta yi ba.

"Abban yara, rigar nan ai ɗaya ce."

Na duba. Babbar riga ɗaya, aiki ɗaya a wuya, hula ɗaya, ta yi wa wani yawa, ta ɗage wa wani. Bangon da ke bayansu ma ɗaya ne, kuma a hotuna uku ana ganin bulo a ƙarƙashin tayar baya. Motar ba ta taɓa motsawa daga wurin ba. Ni masanin motoci, mako biyu ina kallon ƙusa ban ga wannan ba. Garin neman ƙiba na samo rama.

Duk da haka na aika wa dattijon, don ba ni da abin yi. Bayan kwana biyu ya amsa. Ya ce daga hanci zuwa ƙofa aikin wata maƙera ce a Torino, ya faɗi sunanta, babu shakka a ciki. Amma daga ƙofa zuwa baya ba hannun kowa ba ne a Italiya. Ya ce wanda ya yi shi da ido ya buga, ba da gwadon katako ba, domin gefen hagu ya ɗara na dama da kaurin yatsa. Ya ce layin ya sauka da kyau har ya fi na asali daɗin kallo, kuma yana so ya san sunan maƙerar ya rubuta a littafinsa.

Umma a gidana take, ɗakinta taku goma ne daga hoton. Na tambayi Italiya kafin in tambaye ta. Na shiga na same ta tana tsince shinkafa, na zauna a ƙasa, na jera mata hotunan. Ta yi dariya har ta share ido da gefen mayafi.

Ta ce ɗan wani attajiri ne ya daki dutse da motar a hanyar Ɗa'ifa, bayanta ya murƙushe, aka cire injin aka bar gangar jikin a warsha. Babana ya shekara biyu yana buga mata sabon baya da ragowar ƙarfe, duk sanda aiki ya yi sauƙi. Da ta yi kyau, duk wanda ya zo aikin hajji ya zauna, yana son kwantar da hankalin uwarsa a gida, sai ya ari rigar tela ya tsaya a jikinta a ɗauka.

"Naku ɗin nan shi aka kai mana Kano da yana neman aurena," ta ce. "Na gani na ce na yarda. Na zo na tarar mage ta haihu a kujerar baya."

"Umma, ba ki ji haushi ba?"

"Na ji mana, kwana uku ban yi masa magana ba. Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan ƙarfen, ya ce in nemo inda ya haɗa. Na shafa, na shafa, ban samu ba. Khalas, na huce."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ba ta dube ni ba ta ce, "Ina jin ka fa ta bango, kai da harkar motocinka. Bangon nan ba shi da kauri. Na ce bari in ƙyale ka, wataƙila wata rana ka gaji da jin kunyarsa."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma wannan karon ba ta babana ba ce.

Juma'a ta zagayo, ɗaki ya cika, mijin ƙanwata ya ajiye kofinsa ya dube ni. Na ce, "Gabanta Torino. Bayanta Utaibiyya, babana ne ya buga shi. Samkari ne. Motar kuma ba tasa ba ce." 

Ya gyaɗa kai, bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya zaro wayarsa ya miƙo min. Nasa uban ne, cikin rigar nan dai, da hular nan.

"Tun kafin in auri ƙanwarka na sani, Yaya. Duba can gefe."

A ƙarshen hoton, inda mai ɗauka bai lura ba, ga babana tsugune cikin kayan aikinsa masu maiƙo, guduma a hannu, yana yi wa mai rigar aro dariya. Ban taɓa ganin haƙoransa a hoto ba sai ranar. Na roƙi mijin ƙanwata ya turo min, na kai aka wanke babba. Shi ne yanzu a bangon, a sama da wancan.