Gardamar Illo da Ɗan Madrid

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa tsakanin Tsarnawa da Birnin Konni ya san Illo mai faci. Rumfarsa na bakin kwalta kafin a shiga gari, da tsofaffin tayoyi jibge kamar zai yi wa Konni ganuwa. Gajere ne, kai kamar tulu, murya kuwa in ya ɗaga ta sai 'yan duwan, wato kwastan na bakin iyaka, su leƙo su ga ko faɗa ne ya ɓarke. Faci ya iya, ba laifi. Amma faci abin ciyar da gida ne kawai, sana'arsa ta gaskiya gardama ce.

Gardamar kuma guda ce: tun da anka fara buga ƙwallo a duniya ba a yi ƙungiya kamar Arsenal ba. Hujjarsa ita ce kakar nan da sunka buga gasar Ingila tun daga farko har ƙarshe ba wanda ya ci su. Ya kalle ta a wata 'yar tele da sai an mare ta take nuna hoto, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi ya riƙe wa mai tsaron gida safar hannu.

Bayan rumfar akwai fada, inda abokansa ke dafa shayi kullum la'asar. 'Yan fadar nan suna da al'ada. Duk wanda anka ci ƙungiyarsa, washegari da safe sai a jeru a je masa ta'aziyya. Ba da wasa ake yi ba: a sa hula, a sunkuyar da kai, a zauna bisa tabarma, a tafa hannu. Chindo, ɗan kawun Illo kuma taubashinsa, shi ke jan ayari. Zai durƙusa ya ce da murya mai rawa, "Illo, ya haƙuri? Ashe haka Allah Ya yi da 'yan bayanku?" Illo kuwa ya ɗebo baƙin ruwan da yake nutsa tayoyi ciki ya watsa musu, su watse suna dariya. Watsa ruwan ma cikin al'adar yake. Da yake Arsenal ta yi shekara da shekaru tana ba magoya bayanta ciwon zuciya, babu gidan da ya karɓi ta'aziyya a Konni kamar na Illo, har tabarmarsa ta fi ta maƙabarta tsufa.

Wannan mai surutun, akwai mutum guda da bai iya yi wa magana ba: Muttaƙa, ɗansa na fari. Kunyar ɗan fari ta kama Illo fiye da yadda take kama kowa. Bai taɓa kiran sunansa ba. Tun yaye anka kai yaron Tajaye wurin Goggo, mahaifiyar Illo, can ya tashi. Sai da Goggo ta rasu ya dawo Konni, saurayi dogo, ya kere ubansa da kai guda. Sukan yini a rumfa ba ka jin komai sai kukan famfon iska. In Illo na son ya ci abinci, bango yake fuskanta ya ce, "A gaya wa mutanen gidan nan tuwo shina hucewa." Matarsa Sakina ta ce zama da su biyun kamar zama tsakanin turmi da tulu ne.

Wata Asabar da rana a gidan kallo, ana jiran a dawo daga hutun rabin lokaci, Illo ya miƙe yana karanta wa mutane labarin kakarsa kamar huɗuba. Sai wata murya daga bencin baya ta ce, "Kofin Turai fa? Madrid ta rasa inda za ta aje nata. Ku ina naku?"

Illo ya juyo da niyyar cinye mai maganar ɗanye. Muttaƙa ne. Gidan kallo ya yi tsit, har mai injin wuta ya leƙo. Illo ya daɗe yana kallon ƙasa, sa'an nan ya mai da fuska ga tele ya ce, "A gaya wa ɗan Madrid ɗin nan, kofin da anka saya da kuɗi ba kofi ba ne, kwano ne."

"A gaya wa Baba," in ji Muttaƙa, "ko kwanon ne, a ara musu guda su sha ruwa."

Ranar Illo ya sami sunan da zai kira ɗansa. Ɗan Madrid ba suna ba ne, kunya ba ta hana shi. Daga nan rumfa ta zama kasuwa. Da safe gardama, da rana gardama, kuma cikin gardamar sunka riƙa cusa duk abin da ba su iya faɗi ba. "Ɗan Madrid, je ka ci abinci, kar ka faɗi kamar mai tsaron gidanku." "Baba, sha maganin tarin nan, ka samu ƙarfin karɓar ta'aziyya gobe." Sakina ta ce ranar da ta fara jin dariyarsu tare, sai da ta leƙa ta ga ko baƙi anka yi.

Sai damina ta yi gardama ita ma. Geron gonarsu ta Tsarnawa ya bushe tun bai fid da kai ba. Samarin unguwa sunka fara tafiya haƙar zinariya can arewa, bayan Agadas, Muttaƙa ya ce zai bi su. Illo bai so ba. Ya kwana da maganar a baki, da safe abin da ya fito shi ne, "Can akwai tele? Wa zai gaya maka in an ci ku?" Muttaƙa ya yi dariya ya hau mota.

Gardama ta koma waya. Bayan kowane wasa saƙon murya ke shigowa, ana jin iska da ƙarar inji bayansa. Illo ya kunna wa fada, ya sake kunnawa, ya ce wai yana neman inda yaron ya yi ƙarya ne. Damina ta zo Muttaƙa bai dawo ba. Wata ta sake zagayowa, shiru. Samari na ta dawowa da tari da labarin ramukan da ke ruftawa. Illo ya rame, har kan nan nasa ya fara yi wa wuya yawa.

"Ka ce mishi shi dawo mana," in ji Sakina. "Ubansa kake."

Ya ɗauki waya ya danna. "Ɗan Madrid, gardamar waya gardamar matsorata ce. In ka isa, zo ka faɗi a gabana."

Amsa ta zo da dariya a ciki. "Baba, abu mai sauƙi. Ka ce Madrid ta fi Arsenal, da bakinka, gaban Baba Chindo da 'yan fada. Wallahi ka faɗi yau, gobe ina cikin mota."

Fada ta kaure da ihu. Chindo ya tura mishi wayar a baki. "Faɗi, kan tulu! Mi za ya rage ka? Ni da yaro ne zai dawo mini, har Barsa tawa sai in zaga."

Illo ya danna, ya gyara murya. "Madrid ta… Madrid ta iya sayen 'yan wasa. Wanga kam na yarda." Anka fashe da dariya, mai zuba shayi har ya ƙone hannu.

Kowa ya ɗauka taurin kai ne, kuma akwai shi, don Illo da jakin Tajaye uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Amma akwai abin da bai gaya wa ko Sakina ba. In ya ce Madrid ta fi, gardama ta ƙare. Yaron zai dawo, su zauna a rumfa, shi nan, shi can, famfo na kuka tsakaninsu kamar da. Da mi zai kira shi? Ya sani sarai gara ɗa shiru a gida da ɗa mai surutu cikin rami. Ya sani. Sai ya ce wa kansa bari kakar wasa ta ƙare, zai faɗi, kafin nan ya samo wata sabuwar gardamar da za su kama. Ya fara tunanin ko kokawa, tun da yaron ya taɓa yabon 'yan kokawar Dosso.

Wata Lahadi da la'asar anka yi wa Arsenal cin da ko maƙiyi sai ya tausaya. Illo ya fito gidan kallo riƙe da waya, ya shirya amsa tun kafin zagi ya iso. Saƙo bai shigo ba. Ya ce layin can ne, kullum haka yake.

Da safe yana ƙofar gida sai ya hango su tafe, a jere, da huluna, kai sunkuye. Sun fi na kullum yawa. Ya ce a ransa, lalle yau Chindo har hayar mutane ya yi. Ya ruga ya ciko bokiti da baƙin ruwan tayoyi.

"Ku iso, marasa aikin yi!" ya ɗaga murya. "An ci mu, na ji! Ku kawo haƙurin naku in wanke muku shi! Chindo, kai da ƙungiyarka ba ta san hanyar raga ba, kai ne mai ta'aziyya?"

Ya sheƙa ruwan. Ya sauka a ƙirjin Chindo, farar riga ta koma baƙa. Chindo bai kauce ba. Shi da yake tsalle kamar akuya tun bokiti bai tashi ba, yau ya tsaya, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Ba wanda ya yi dariya. Illo ya duba bayansa sai ya ga Malam Sadiƙu, limamin unguwa, wanda bai taɓa sanin ko ƙwallo zagaye take ba.

Bokitin ya kuɓuce.

"Illo," in ji Chindo, "zauna."

Abokan tafiyar Muttaƙa ne sunka kira Chindo da asuba, don ba su iya kiran uban ba. Rami ya rufta da Muttaƙa jiya da rana, tun kafin a take wasa. Sun tono shi, sun yi mishi sutura can.

Anka shimfiɗa tabarmar nan dai, don babu wata. Mutane sunka yi ta zuwa daga Tajaye, daga Tsarnawa, 'yan kabu-kabu sunka cika layi da babura. Kowa ya durƙusa ya ce, "Ya haƙuri?" Illo ya ce, "Sai godiya." Uba ba ya kukan ɗan fari gaban jama'a, shi ma bai yi ba. Tsofaffi sunka yi ta yabon dauriyarsa. Chindo ya yini gefensa da baƙar rigar nan, ya ƙi zuwa ya sake. Sakina ba ta taɓa ce mishi "da ka faɗi da ya dawo" ba, ko sau guda. Takan aje mishi tuwo ta koma ɗaki.

Bayan sadakar arba'in ya buɗe rumfa. Fada na nan, shayi na nan, amma an daina zuwa wa kowa ta'aziyyar ƙwallo. In anka ci Arsenal sai a kama zancen tsadar mai. Illo ya jure, ya jure, ran nan ya aje kofin shayi ya ce, "Ni dai har gobe, ba a yi ƙungiya kamar Arsenal ba."

"Haka ne," in ji Chindo.

Illo ya dube shi. Ya juya ga Shamsuddin tela, wanda don son Madrid har kekensa na ɗinki ya shafa wa farin fenti. "Madrid kuwa taron 'yan kasuwa ce. Ba su iya komai ba."

Shamsuddin ya ƙura wa gawayi ido. "Gaskiyarka, Baba Illo."

"Gaskiyata? Yau ni ke da gaskiya?" Muryarsa ta fara tashi. "Chindo, kai ma? Kai da ka zage ni tun muna tsirara? Ce mini kan tulu mana!"

Chindo ya buɗe baki. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani. "Kai dai… kan…" Sai ya ja hula ya rufe fuska.

Haka Illo ya ci gardamar da ya shekara ashirin yana yi, ba mai ja da shi daga Konni har Malbaza. Ya koma yini shiru, yana faci kamar mutumin kirki, abin ba kyan gani.

Ana nan wata rana da azahar wani ɗan kabu-kabu ya turo babur daga hanyar Malbaza, baƙo, gumi sharkaf, sanye da farar rigar Madrid. Yana jira a cire taya sai ya ga tsohuwar tutar Arsenal da ke rataye a rumfa, ya kwashe da dariya.

"Baba, har yanzu akwai masu wahalar nan? Ku da ba ku san ƙamshin kofin Turai ba?"

'Yan fada sunka daskare. Shamsuddin na ta yi mishi alama da ido, Chindo ya taso zai ja shi gefe. Illo ya ɗaga hannu ya tsai da shi, bai ko waiwaya ba.

"Yaro," ya ce, "kofin da anka saya?"

"Saya? Baba, ka taɓa ganin wasa kuwa, ko labari ake ba ka?"

"Ni? Ni kake tambaya? Chindo, ba shi kujera. Ku zuba mishi shayi."

Sunka kama. Baƙon ba ya da kunya ko ta sisin kwabo, Illo kuwa har jijiyar wuya ta tashi. Facin bai ɗauki wani lokaci ba, tayar ta daɗe da shan iska. Da yaron ya duba rana ya ce fasinja na jiransa a tasha, ya miƙa hannu zai ɗauka, sai ya tarar Illo na zaune bisa tayar.

"Ba ta gama kamawa ba," in ji Illo. "Zauna. Kofuna nawa ma ka ce kuna da su?"