Na Ba Mai Gwangwan Rediyoyin Malam

Ni ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, amma maganar tawa ce, na kuma ce mata kada ta gyara min komai. Lokacin da abin nan ya faru, ni mace ce da ake ji da ita a unguwarmu a Haɗeja. Bandar kifi nake yi, tarwaɗa da karfasa, masu sari har daga Kafin Hausa suke zuwa ƙofata. Tsakar gidana ko tuwo ka zubar ka iya ɗauka ka ci. A gidan biki ni ake bar wa magana, in mata sun yi rigima ni ake kira. Ban saba a yi min dariya ba. Ciwona ke nan, shi ne kuma ya kai ni ya baro.

Malam, mijina, manomin shinkafa ne a fadama, mutum mara hayaniya. Tun ina amarya na same shi da son buɗe cikin rediyo. Ba sana'arsa ba ce, wanda ya kawo gyara godiya kawai yake yi ya tafi. In ya dawo daga gona sai ya shimfiɗa tabarma kusa da murhuna, ya cusa ɗan ƙarfensa a garwashina har ya yi ja, ya riƙa narka dalma yana liƙe wayoyi. Ina juya kifi ina ba shi labarin gari, shi yana gyaɗa kai. A da yakan aika Kano a sayo masa 'yan ƙananan kayan nan masu ƙafafu kamar tururuwa. Da suka yi tsada, wasu kuma suka daina samuwa, sai ya koma tara matattun rediyoyi yana ciro na ciki, har kwali huɗu. Ni a idona shara ce mai tara kyankyaso.

Shekarar da kogi ya shigo mana gida, da hantsi ruwan ya zo, kafin azahar ya kai gwiwa. Aka ce kowa ya nufi makarantar firamare da ke kan tudu. Malam sau huɗu yana komawa gida, kowace tafiya da kwali a ka, alhali tasoshina da katifata suna cikin ruwa, ni kuma ina tafe ina dafa bango, ba mai riƙe ni. Mata duk sun gani. Wata ƙawata mai bakin tsiya ta ce, a gaban kowa, wai in daure in koyi kama tashar labarai, ko Allah zai sa ni ma a ɗauke ni a ka. Aka yi shewa. Na yi dariyar yaƙe na haɗiye, amma maganar ta zauna min a rai.

Da ruwa ya janye muka koma gida. Ranar da Malam ya tafi duba abin da ya saura a gona, sai ga mai gwangwan yana wucewa da baronsa. Ni da bakina na kira shi. Ya jijjinjina kwalayen, ya ba ni roba biyu da bokiti, har ina ciniki ya ƙara min da kofi. Na share wurin tas, na sa turaren wuta, na zauna ina jin kamar na yi wani abin kirki.

Da ya dawo ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar ɗaki. Ya tambaye ni ina kwalayensa, na ɗaga kai na ce gyaran gida na yi. Da ma ya yi faɗa, da na san yadda zan yi da shi, don a baki ba a kayar da ni. Sai kawai ya ce abin da ke cikin kwalayen nan yanzu ko a Kano ba a samu. Ya ce ya fara kwashe su ne don ruwa in ya taɓa su sun mutu ke nan, tasa kuwa wankewa ake yi. Ni kuma, ya ce, ai ya san 'yar masunta ya aura, na fi shi iya ruwa, shi ya sa hankalinsa ke kwance a kaina. Ya ɗauki buta ya yi alwala ya fita. Tun ranar bai ƙara shimfiɗa tabarma a gefen murhuna ba.

Na yi wata biyu ina taurin kai kafin na sauko. Na lallaɓa shi ya rubuta sunayen kayan a takarda, na ba wani direba mai zuwa Kano. Abin da ya kawo min ɗan ƙulli ne a leda wanda bai cika tafin hannu ba, ya cinye kuɗin kwandon kifi guda, rabin takardar kuma ba a samu ba. Mai shagon ma ya aiko da cewa a gaya wa tsoho yanzu ba a gyara, sabuwa ta fi arha. Malam ya gwada su a wata rediyo da aka kawo gyara don kada in ji kunya. Abin ya yi magana kaɗan, sai hayaƙi da wari. Ya ce jabu ne, in daina ɓarnar kifina.

Yau shekara uku. Ni da ake tsoron bakina, ni ce ke tare masu gwangwan a ƙofar gida ina tona baronsu, maƙwabta na leƙe. Na samo masa rediyo biyar. Kowacce yakan karɓa da hannu biyu ya yi godiya, ya tura ƙarƙashin gado. Bai buɗe ko ɗaya ba. Idonsa ya yi rauni, hannunsa ya fara rawa, in an kawo gyara sai ya ce a je a sayi sabuwa. Yini yake a zaure yana kallon hanya.

'Ya'yanmu na cewa in bar damuwa, da ma abin ba riba, tsadar kaya za ta raba shi da shi ko ban taɓa ba. Wataƙila haka ne. Amma tsada ta yi shekaru tana matsa shi bai saki ba, ni ce na kwance masa hannu a wuni ɗaya. 'Yan'uwana mata, in kuka ga mutum na tattalin wani tarkace da ba ku gane ba, ku tambaye shi tukun, kada maganar ƙawa ta tura ku. Malam ya ce ya yafe min, na kuma yarda ya yafe. Sai dai yafiya ba ta maido wa tsoho shekara uku, ni kuma ban san shagon da zan aika a sayo su ba.