Mutumin da ba ya yarda da yayen rana ɗaya

Kafin mai shara ya iso, shi ya riga ya buɗe ɗakin koyar da gyaran firji a cibiyar sana'o'i ta gwamnati. Zai goge tebur, ya jera sifana, ya kara kunne a jikin tsohon firjin koyo kamar likita. Dattijo ne mai furfura da muryar gardawa, amma ɗalibansa Inna suke ce masa. Yana ji, ba ya ko ɗaga kai. Wannan watan zai ajiye aiki.

Sunan ya samo asali ne daga bikin yaye ɗalibai. Duk shekara manya sukan zo, a yi jawabi, a miƙa wa kowa akwatin kayan aiki, a ɗauki hoto, a watse. A bakin ƙofa kuwa dillalai na tsaye, rabin akwatunan ba sa kwana a gidan masu su. Shi ko sai ya ce, "Wace uwa ce ke yaye yaro ta juya baya? Sai ta ga yana cin abinci da hannunsa tukuna." Daga nan Inna ta bi shi.

Ni ganau ce. Ƙanena ya gama jami'a, ya yi yawon neman aiki har takalminsa ya gaji, ya dawo ɗakina da matarsa da jaririya. Da ƙyar na tura shi cibiyar. Ranar yaye ya gama shawara da abokinsa: su sayar da akwatunan, su bi masu ƙetara sahara. Abokin ya sayar. Ƙanena na cikin ciniki sai ya ji an dafa akwatin.

"Ɗana, ina zuwa?"

"Malam, ai an yaye mu."

"Su suka yaye ka. Ni ban yaye ka ba. Ɗauko, mu je."

Ya kai shi wurin wata mai sayar da ƙanƙara da firjinta ya tsaya, kayanta na narkewa. Ta ga baƙuwar fuska, ta ce, "Baba, kai na kira, ba ɗan koyo ba."

Ya ce, "Hajiya, yau hannuna na hutu. In ya ɓata, ni zan ɗauka."

Sai ya maida hannayensa baya ya harɗe, ya tsaya. Ƙanena ya ce gumi har cikin idonsa, ya waiwaya sau nawa, mutumin nan ko yatsa bai nuna masa ba. Da injin ya tashi, matar ta nemi lambar wayar ƙanena, ba ta Malam ba. Abin da ake nema ke nan.

Ashe haka yake yi wa kowa. Bayan an tashi aiki sai ya hau tsohon babur ɗinsa, ya roƙar wa wannan kusurwar shago, ya kai wancan gidan mai sayar da kifi, ya bar musu masu kiransa ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa shi ba, ba kuma a cikin albashinsa yake ba. Wallahi abin yana ba ni mamaki har yau, mutum ya riƙa rabar da kasuwarsa yana murna.

Kai ne, Malam, ka gane abin da ofisoshi suka kasa ganewa, cewa akwati ba aiki ba ne. Kai ne uwar da ba ta gajiya da goyo. Nauyin gwamnati ne ka ɗauka a bayan babur, kuma ina faɗa wa masu iko kai tsaye: kada ku bari bin sawun nan ya yi ritaya tare da shi. Ku ɗauki mutane aikin, ku biya su. Masu sana'a kuma, kowa ya koyi harɗe hannu ya bar na baya ya taɓa.

Mun gode, Malam, Allah Ya ba ka hutu mai daɗi. Mahaifiyarmu ma ta ba ni saƙo. Ta ce mahaifiyar abokin nan na ƙanena, wanda ya bi masu ƙetara sahara, har yau tana tare duk wanda ya dawo daga tafiya, tana tambaya ko ya ga ɗanta. Nata ɗan kuwa, wato ƙanena, kullum da yamma sai ya shigo gaishe ta, da baƙin mai a hannunsa.