Hoton Baba Audu a Akwatin Gilashi

Duk shekarun da na yi ina aikin hoto a Samaru, ranar da Mama Saratu ta zo shagonmu ce ta ƙi fita daga raina. A lokacin ni ne babban mai ɗaukar hoto. Mai shagon, Malam Yohanna, ya manyanta, aikinsa zama a bakin ƙofa yana gaisawa da jama'a.

A da tsarinmu mai sauƙi ne. Mu ɗauka, mu wanke, mutum ya dawo bayan kwana biyu ya karɓa. Wanda bai dawo ba, Malam ya liƙa hotonsa a akwatin gilashin da ke gaban shago. Da ɗalibai suka daina son hoton takarda, kowa sai "Oga, turo min ta waya," ni na matsa muka kwashe komai zuwa wani shafin intanet mai ba da wurin ajiya kyauta. Na share abin da ke kwamfuta, ina jin kaina ɗan zamani. Akwatin ma na ce a fitar da shi don yana tsufar da shagon. Malam ya ce, "Bar mini mutanena."

Wata Laraba da hantsi Mama Saratu ta zo daga Dogarawa. Mijinta, Baba Audu, tsohon mai kula da shanu a Shika, ya rasu, jana'iza ranar Juma'a. A cocinsu ana buga takardar tsarin sujada da hoton mamaci a gaba, shi kuwa sau ɗaya ya taɓa yarda aka ɗauke shi, a shagonmu. Ko karɓa bai zo ba.

"Cewa ya yi ai ya san fuskarsa," in ji ta.

Na ce ta zauna, minti biyu ne. Ina buɗe shafin na tarar kamfanin ya canza doka tun watannin baya, ya rage wurin kyauta, ya goge tsofaffin hotuna. Sun aiko da gargaɗi, ni ne ban karanta ba. Na rubuta koke, na'ura ta amsa cewa za a duba. Ba ofishin da zan je, ba wanda zan durƙusa wa. Kunya ta rufe ni.

"Mama, ki yi haƙuri, babu shi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "To ɗana, sai a bar wurin fari."

Malam ya ɗago kai. "Dogo ne, mai tabo a goshi?"

Ta ce shi ne. Ya lalubo mabuɗi a aljihu, ya buɗe akwatin, hannunsa ya tafi kai tsaye layin ƙasa. Rana ta ci hoton, shuɗiyar rigar ta koma ruwan toka, amma fuskar tana nan. Na ce zan gyara launin a kwamfuta. Ta riƙe shi da hannu biyu ta ce a bar shi haka, rigar ma haka ta koɗe a gida.

Har yau ina tura wa mutane hotuna ta waya, sana'ar ke nan yanzu. Amma ina gaya wa duk wanda ya shigo aikin nan: kamfani yana ajiye hoto ne muddin dokarsa ba ta canza ba, kuma bai san wane ne mai tabo a goshi ba. Tun daga ranar, duk dattijon da ya zauna gaban kyamarata sai na wanke guda na ajiye, ko bai nema ba.