Kunnensa na Hagu

Ɗana na fari shi ke riƙe injin huda dutse a wurin fasa dutsen da ke tsakanin Gwarzo da Kabo. Ba na kiran sunansa, kamar yadda uwata ba ta taɓa kiran sunan yayana ba. In ina nemansa gyaran murya nake yi, ya taso. Haka muke tun yana ƙarami.

Ya shekara biyu a aikin na fara yin gyaran murya bai motsa ba. Da fari na ɗauka raini ne. Na ce to, ya yi gemu, ya ajiye iyali, yanzu ni ce abar rainawa. Kwana uku ina amsa gaisuwarsa a daƙile. Amma ni ba a yi mini abu sau biyu ban sa ido ba. Na lura in matarsa na magana sai ya karkace kai ya miƙa mata kunnen dama. Rediyonsa kuwa har maƙwabta sun san tashar da yake ji.

Na tsare matar a madafa. Ta ce, "Inna, ya ce kunnen ƙugi yake masa kamar ƙudan zuma sun shiga. Ya ce kar in gaya miki."

Uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari, na sani. Duk da haka washegari na yafa mayafina na hau acaɓa.

Tun daga titi na fara jin ƙarar a haƙorana. Wata ƙatuwar na'ura ce mai tura iska, kwamfuresa suke ce mata. Tiyo ya fito daga cikinta ya tafi har gindin dutse, ya shiga injin da ɗana ke dannawa da ƙarfinsa duka. Ruwa na bin ƙarfen cikin rami don kar ƙura ta tashi. Na ƙare masa kallo daga nesa. Hular kwano na kansa, hanci a rufe, takalmi mai kauri a ƙafa. Sai abin toshe kunne, mai kama da murafen kwano biyu, yana rataye a wuyansa kamar laya.

Da ya hango ni ya tsayar da injin, ya zo ya durƙusa.

"Inna, lafiya? Me ya kawo ki nan?"

Na nuna wuyansa. "Wannan ado ne?"

Ya sunkuyar da kai. Ya ce akwai masallaci a ƙauyen da ke bayan dutsen, in ya toshe kunne ba ya jin kiran salla. Sau biyu azahar ta kusa wuce shi, abokan aiki suka sa shi a gaba, wai ɗan malam ya koma bautar dutse. Babansa, Allah ya jiƙansa, malamin allo ne. Tun ranar bai sake sawa ba.

Na ce, "To yanzu da ka bar shi a buɗe, kana jin kiran?"

Ya ce, "Wani lokaci."

"Nan gaba ko a kanka ladan ya tsaya ba za ka ji ba."

Sai ga shugaban aikin, da ɗan tumbinsa. "Hajiya, nan ba wurin tsayuwa ba ne, dutse na tsalle."

"Ban je Makka ba tukuna, Inna ake ce mini. Kai ne babba a nan?"

Ya ce shi ne. Ya ce ya ba kowa abin toshe kunnensa, amma ba zai ɗaure wa magidanci abu a ka ba.

Na ce, "Wa ke kashe wannan mai gurnanin?"

Ya nuna wani dattijo mai furfura da ke kula da kwamfuresa.

"Yana da agogo?"

"Har waya gare shi."

"To in lokaci ya yi ya kashe. In inji ya mutu a hannunsu sun san salla ta yi."

Shugaban ya yi dariya ya ce ba haka ake yi ba, in aka ɗauke iska ƙarfe na cikin rami sai ya maƙale. Ban san wannan ba. Dattijon ne ya matso ya ce ai da sauƙi. Zai fara ɗaga musu ƙyalle, kowa ya zare ƙarfensa, sannan ya rufe iskar. Shi ma, in ji shi, ya gaji da jefa musu tsakuwa in yana so su waigo.

Ban tafi ba sai da na ga ɗana ya ɗora abin a kunne, na ga ƙyallen ya tashi da azahar, wurin ya yi tsit.

Bayan sati biyu na sa ya tafi asibiti a Kano. Likita ya ce na hagu ya tafi, ba zai dawo ba. Na dama ana iya riƙe shi in ya kiyaye. Yana kiyayewa, don duk Juma'a sai ya kawo mini abin na duba ko robar ta tsage.

Har yau yana huda dutse. In ya dawo bayan la'asar, 'ya'yansa kan zauna a damansa su biya masa karatu. Ko wasali ɗaya suka karkace sai ya tsayar da su.