Ohayo a Bakin Jigo

Mahaifina shi ne ladanin masallacin unguwarmu a Wurno, kuma tun ina ƙarami kowa ya san ni zan gaje shi. Murya ce Allah ya ba ni, ba wayona ba. In mura ta kama tsoho ni nake hawa in kira salla, mata kuwa su yi ta tsokanarsa cewa ɗan ya fi uban. Ko da aka zo ɗibar samari aikin soja lokacin yaƙin Bama aka haɗa da ni, abin da ya faɗa mini a ƙofar zaure bai wuce in riƙe salla in kuma dawo masa da maƙogwarona lafiya ba.

Mu biyu muka tafi daga unguwar, ni da aminina. Gonakinmu na fadama iyakarsu ɗaya, tare aka yi mana kaciya, tare muka sha bulalar makarantar allo. Ba zan faɗi sunansa ba. Yana da jikoki, kuma su ba su yi mini komai ba.

Labarin yaƙin kansa ba shi zan ba da ba, ba na ma son tuna shi. Bayan mutanen Japan sun miƙa wuya, sai aka sa mu gadin waɗanda aka tsare a wani sansani. A cikinsu akwai wani gajeren dattijo mai furfura da ya yi ɗan lambu a gindin wayar shingen sansanin. Daga yadda yake murza ƙasa a tafin hannu na san manomi ne, yaƙin nan shi ma jawo shi aka yi. Kullum sai in gan shi yana jidar ruwa da gwangwani daga wani rami, yana hawa yana sauka kamar tururuwa. Abin ya ishe ni kallo. Na samo doguwar gora da igiya da dutse, na kafa masa jigo irin namu na bakin gulbin Rima, na nuna masa yadda ake dannawa guga ya nutse, a saki ya taso da kansa.

Washegari da safe ina zuwa sai ya tsaya cak a gabana, ya ɗora hannuwa a cinya, ya sunkuya daga ƙugu, ya ce, "Ohayo gozaimasu."

Mu in za mu girmama babba durƙusawa muke yi, ko mu tsuguna. Amma mutum yana tsaye ya karya baya ya dafa cinya, wannan ai ruku'u ne, kuma Allah kaɗai ake yi wa. Na yi tsalle gefe ina istigfari. Aminina ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Shi ne ma ya je ya tambayo tafinta, ya dawo ya ce mini in kwantar da hankalina, ina kwana kawai mutumin yake yi mini, haka suke gaida kowa har mai sayar da kifi.

Daga nan muka shiga makarantar dattijon. Ya nuna guga ya ce mizu, ruwa ke nan. In rana ta take sai konnichiwa. In na ba shi guntun taba ya ce arigato, wato na gode, ya ƙara sunkuyawa. Ni ma na koya masa sannu, ya iya tsaf, amma lafiya lau ta gagare shi har muka rabu. Aminina ya fi ni saurin ɗauka nesa ba kusa ba, kuma ya fi ni iya karya bayan. Ranar da za a kwashe mu dattijon ya riƙe gorar jigonsa da hannu ɗaya ya ce mana sayonara, ban kwana ke nan, muka mayar masa, mu biyu, tare da sunkuyon.

Da muka dawo gida sai na tarar ana yi mana wani irin kallo. Soja dai a wurin mutanenmu ɗan bariki ne, ko da ya dawo da carbi a wuya. Ba mai son jin abin da muka gani, mu ma ba ma son faɗa. Muryar tsoho ta riga ta dushe, don haka na ci gaba da kiran salla a madadinsa, in an idar da asuba kuma in gangara fadama ban ruwan albasa. Can nake samun aminina a bakin nasa jigon. Sai mu tsaya, mu dafa cinya, mu sunkuya, ohayo, ohayo, mu fashe da dariya kowa ya kama gugansa. Cikin duk abin da muka kwaso daga Bama, wannan ne kaɗai ba ya hana ni barci.

Sai tsoho ya rasu. Bayan sadakar bakwai ya rage liman da dattawa su tabbatar mini da ladanci, abin da ni a ganina an gama tun ina yawo ba wando. Ashe akwai mai so. Wani attajirin marini a unguwar yana da ɗa da ya yi karatu a Raba ya dawo, yana nema masa abin da za a riƙa kiransa da shi. Kuma ƙanwar yaron nan ita aminina yake nema da aure. Na san da wannan, har rakiya na sha yi masa zuwa gidan, ban taɓa haɗa biyun a raina ba.

Magana ta fara yawo. Wai masu zuwa kamun kifi sun ga ɗan ladan a fadama yana ruku'u ya ba alƙibla baya, yana karanta abin da ba Larabci ba. Wai addinin mutanen Japan ya shigo da shi a ɓoye. Da ƙanwata ta kawo mini labarin dariya na yi, har na ce wanda ya ƙirƙiro ya cancanci goro.

Liman ya aiko kirana bayan la'asar. Na tarar da zaurensa cike da dattawa, marinin nan yana gefe yana jan carbi kamar ba ruwansa. Liman mutumin kirki ne, abokin mahaifina, kuma a hankali ya tambaye ni. Na ba su labarin dattijon da jigonsa, na fassara musu kalmomin ɗaya bayan ɗaya, har wani tsoho ya murmusa da jin mizu. Na ce kuma ba ni kaɗai nake yi ba, mu biyu ne, a kira aminina ya faɗa da bakinsa. Ni da kaina na ce a kira shi.

Ya shigo ya durƙusa ya gaida kowa, bai dubi inda nake ba. Liman ya tambaye shi ko gaskiya ne gaisuwa ce da suke yi wa juna.

"Malam, ni ban san mi shika hwaɗi ba," in ji aminina. "Tun can Bama nig ga shina yi ma kahiran nan hakanan. Ni dubinai kawai nika yi."

Mutumin da ya tambayo mini tafinta ke nan, wanda ya ce in kwantar da hankalina. Na miƙe na ce a ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Liman ya ce in zauna, ba za a yi rantsuwa a kan wannan ba. Ya ce shi bai ce na bar addini ba, amma jama'a ba za su natsu da kiran wanda suke shakka ba, in ɗan dakata tukuna zance ya lafa, yaron marini ya riƙe kafin nan. Na san irin wannan dakatawar, kowa ma a zauren ya sani.

Da asuba ina kwance na ji wata murya daga matakalar da ƙafar mahaifina ta lotsa, siririya, tana rawa kamar ta ɗan zakaran da ke koyon cara. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Na tashi na yi alwala na je na bi sahu, don sallar ba ta marini ba ce. Kafin damina ta faɗi an ɗaura auren aminina. An aiko mini da goro, na ba akuya.

Ban sayar da gonar ba, ban kuma matsar da jigona ba. Me zai sa ni in gudu? Shekaru muka yi muna ban ruwa kafaɗa da kafaɗa, sallama kawai ke haɗa mu, ita ma don wajibi ce. Raina bai taɓa hucewa ba, kuma ban yi ƙoƙarin ya huce ba.

Wajen lokacin da ake ta zancen Turawa za su tafi, wata safiya na ji ya saki gugansa ya tako har bakin iyaka. Mu kaɗai ne a fadamar. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya leƙa hanyar masunta. Sai da ya tabbata ba kowa, sannan ya dafa cinya ya ɗan sunkuya, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Ohayo."

Da bai waiga ba, wallahi ina jin da na amsa. Waigen nan ne ya ƙona ni fiye da abin da ya yi a zauren liman. Na dube shi sosai, na ga furfura ta fara fito masa kamar ta dattijonmu.

"Malam," na ce masa, "ban san mi kaka hwaɗi ba."

Ya tsaya a sunkuye kamar bayan ya ƙage. Ni kuwa na danna gorata, guga ya taso, na juye wa albasa ruwa.